Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwanukan Aro

Makon jiya na tsaya a inda Oga ya ɗora laifin a kan janareta. Ni ma a raina na so a ce janaretan ne, tunda shi ba shi da bakin kare kansa.

Ga waɗanda ba su karanta baya ba, manhajar da muke aika wa iyaye sakamakon jarabawar 'ya'yansu ta saƙon waya ce take mutuwa duk bayan kwana biyu ko uku. Ba kuka, ba wasiyya. A tashe ta, ta ci gaba kamar ba ita ba. Ga shi ƙarshen zangon karatu ne, shugabannin makarantu sun hana wayar ofis hutawa.

Akwai wani dattijo da yake leƙo mu lokaci-lokaci, Injiniya muke ce masa. Da na ba shi labari bai ce komai ba, ya ja kujera, ya rubuta uptime, umarnin da ke nuna tsawon lokacin da kwamfuta ta yi a kunne. Sabarmu, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta, ta fi wata guda a kunne ba ta taɓa ɗaukewa ba. Nan take janareta ya fita kunya. Sai ya rubuta dmesg, mai nuna rahoton abin da ya faru a cikin kwamfutar, ya sa ɗan yatsa a kan wani layi da ya fara da "Out of memory: Killed process".

"Yaro, ba mutuwa take yi ba. Kashe ta ake yi."

"Wa ke kashe ta, Injiniya?"

Ya ce Linux da kansa, wato tsarin da ke tafiyar da sabar. Idan RAM, filin da manhajoji ke aiki a cikinsa, ya ƙare ƙaf, babu inda za a matsa, tsarin yakan duba wanda ya fi kowa ci ya yanka shi domin sauran su rayu. Sabar tamu gigabait 2 gare ta. Ya ce, "Kada ka gyara komai tukuna. Zauna ka yi gadi." Ya tafi abinsa.

Haka na kwana a ofis, ni da top, umarnin da ke nuna abin da kowace manhaja ke ci, da shayin mai shayin bakin layi. Da farko lambar VIRT na zuba wa ido, na ga ta yi girma, gabana ya faɗi. Sai daga baya na gane wannan alkawari ne kawai, filin da aka nuna wa manhaja aka ce nata ne, ko ta gina ko ba ta gina ba. RES ita ce abin da ta mamaye a zahiri. Haka kuma umarnin free, mai nuna ragowar RAM, ya so ya ruɗe ni, don ya nuna saura kaɗan, ashe mafi yawansa ajiyar fayiloli ce da Linux ke saki da zarar an buƙata. Na rubuta ɗan umarni da ke leƙa lambar RES ɗin duk minti ɗaya yana adanawa. Bayan sallar asuba na zana lambobin. Lafiyayyar manhaja takan hau ta sauko, kamar numfashi. Tamu hawa kawai take, ko da ƙarfe uku na dare da babu mai aika komai.

Wannan na ƙarfe ukun shi ya tsaya mini a rai.

A yaren C, wanda da shi aka rubuta ta, malloc aro ne, free kuma mayarwa. Kamar gidan biki ne da ke aika yara maƙwabta aron kwanuka. In ana ara ba a mayarwa, ranar da za a je a tarar unguwa duka babu kwano tana nan tafe.

Da rana Injiniya ya turo mini kalma ɗaya, Valgrind. Manhaja ce da Julian Seward ya fara fitar da ita a 2002, kyauta, kuma aikinta ta bi kowane aro ta rubuta. Kuɗinta haƙuri ne, domin manhaja a ƙarƙashinta takan yi nauyi ninki goma ko fiye, don haka a kwamfutata na gwada, ba a saba ba. Na aika saƙonnin gwaji masu lambobi daidai, na rufe, rahoto ya fito fes. Har na fara zargin Injiniya. Sai na tuna irin lambobin da makarantu ke kawo mana, wata saura lamba ɗaya, wata layin ya daɗe da mutuwa. Na cusa guda goma marasa kyau.

"Definitely lost," in ji ta, wato tabbas an ara ba a mayar ba, da sunan fayil da lambar layi.

Duk sanda saƙo ya ƙi tafiya, aikin yakan fice ta ƙofar baya bai mayar da kilobait 64 da ya ara ba. Sannan akwai wani sashe da ke sake gwada duk saƙon da ya ƙi tafiya minti-minti, dare da rana, ba ya gajiya. Shi ne mai cin ƙarfe uku. Lissafi mai sauƙi ne, gwaji dubu 30 ya isa ya kusa cinye gigabait 2.

Na duba wanda ya rubuta sashen. Watanni huɗu baya, ranar wata Alhamis, har Oga ya yaba mini a gaban kowa.

Gyaran layi ɗaya ne, na gama shi kafin la'asar. Abin da ya rage shi ne mai gyaran janareta da Oga ya riga ya sallama da faɗa, da kuma yadda zan shiga ofishinsa in ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana." Wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.