Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bencin Iyaye Mata

A makon jiya mun tsaya inda likita a Asibitin Malam Aminu Kano ya tabbatar mana cewa ɗana Auta yana da galahanga, irin wadda ake kira Down syndrome a Turance, ya kuma tura mu a duba zuciyarsa. Alhamdulillahi, hoton ya fito lafiya lau. Sai a lokacin likitan ya gaya mini cewa kusan rabin yaran da ake haifa da wannan lalura suna zuwa da matsalar zuciya, wasu ma sai an yi musu aiki.

Na roƙe shi ya maimaita bayaninsa a gaban surukata, don tun Auta yana zanin goyo, ganin wuyansa ya ƙi tsayawa, maƙwabta suke raɗa mata cewa ɗan ruwa ne. Likitan ya ce ƙwayoyin halittar kowa na ɗauke da kuromozom 46, wato 'yan zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye, shi Auta nasa 47 ne, ƙarin ɗayan ya hau kan na 21, kuma haka yake tun farkon shigar ciki. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, ba sammu ba ne, ba fitar magariba ba ce, ba kuma laifin uwarsa ba ne. Jikanki zai zauna, zai yi tafiya, sai dai a hankali." Hajiya ta jima ba ta ce uffan ba. Da muka fito ita ta goya shi har bakin titi.

Daga nan aka haɗa mu da sashen gashin ƙashi. Na zaci wani inji za a saka shi, ashe ni za a koyar. Ma'aikaciyar ta nuna mini yadda zan kwantar da shi rub da ciki in riƙa kaɗa masa abin wasa har ya ɗago kai, da yadda zan tallafe ƙugunsa idan yana zaune. Ta ce naman jikin irinsu yana da sanyi, motsa shi kullum a gida ya fi zuwa asibiti amfani. Ta kuma ja kunnena kada in yi sake da gwajin ji da na maƙoshi, domin idan kunne ya toshe magana ma sai ta makara.

Amma abin da ya riƙe ni a shekarun nan, bencin da muke jiran layi ne. A nan na haɗu da matan da 'ya'yansu shawara ta taɓa musu ƙwaƙwalwa suna jarirai, da waɗanda doguwar naƙuda ta yi wa nasu illa. Wata daga ƙauye take tahowa tun asuba da yaro ɗan shekara bakwai a bayanta. Wata mijinta ya sake ta, wai a danginsu ba a haifar irin wannan. Ba mai kallon ɗan wata da mamaki, ba mai cewa "Allah sarki" da muryar nan da ke sa uwa ta ji kamar ta nutse. Wata dattijuwa da muke kira Yaya ita ta ce mu fara adashe saboda kuɗin mota, don ta lura duk wadda ta daina zuwa, ba gajiya ta yi ba, kuɗin adaidaita ne ya gagare ta. Ita ce kuma ta fara ce mini, "Ƙanwata, daina ɓoye shi a ɗaka. Kai shi gidan suna, kai shi gidan biki." A ganina da hukuma za ta ɗauki ma'aikaci guda ya riƙa zama da iyaye a irin wannan benci, da aure da yawa bai mutu ba.

Auta ya taka ƙafarsa bayan sa'o'insa sun daɗe da fara gudu. Sai maganar makaranta.

Makarantar Tudun Maliki an fi saninta da kurame da makafi, Auta kuwa yana ji yana gani. Makarantun kuɗi masu malaman irinsu sun fi ƙarfin albashin babansu. Wata da ke kusa da mu, shugabar ta ce iyayen sauran yara za su kwashe 'ya'yansu. Na dawo gida ina kuka. Alhali a watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Yawancin matan bencinmu ba su taɓa jin labarinta ba, kuma doka ba ta shiga aji sai da malamin da aka horar.

Malamar Islamiyyar unguwarmu ce ta aiko a kira ni. Ta ce, "Maman Auta, kawo shi gobe, zan zaunar da shi kusa da ni." Da na gaya wa babansu da daddare, sai ya ajiye cokali ya ce akwai maganar da ya daɗe yana son mu yi game da yaron.

Abin da ya faɗa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.