Feshin Zambezi da kyamarar da ta ƙi ɗauka

Daga Lusaka muka hau mota ni da ƙanena zuwa garin Livingstone, tafiyar sama da kilomita 450. Watan Afrilu ne, lokacin da kogin Zambezi yake cika maƙil. Washegari tun muna kan hanya muke hango farin tururi ya turnuƙe sama, muna kuma jin rugugin Mosi-oa-Tunya, magangarar ruwan da David Livingstone ya gani a 1855 ya laƙaba mata sunan Sarauniya Victoria. Faɗinta ya haura mita 1,700, ruwan kuma yana faɗawa ramin da zurfinsa ya kai mita 108. Feshin da ke dawowa daga ƙasa shi ne ke jiƙa mutum sharkaf.

Muna tsakiyar siririyar gadar ƙafa ta Knife-Edge ƙanena ya ɗaga murya: "Yaya, kyamarar ta ƙi ɗauka! Ina dannawa, shiru."

Na karɓa na kai ido. Gilashin gaban kyamarar yana fita yana komawa, yana 'yar ƙara, koren ɗigon da ke cikin mahangi kuma sai ƙyafta yake yi. Hankalina ya kwanta, don ba lalacewa ta yi ba. Yawancin kyamarori, idan suna kan tsarin AF-S ko One-Shot, inda kyamara ke saita gani da kanta sau ɗaya kafin ɗauka, an saita su kada su ɗauki hoto sai sun tabbatar gani ya zauna daram. Kafin ya zauna kuwa sai na'urar ta sami abin kamawa, wato iyaka tsakanin haske da duhu, ko gefen wani abu. Mu kuma babu komai a gabanmu sai fari fat. Haka take yi idan aka nuna ta ga sararin sama wanda ba gajimare, ko bango mai launi ɗaya, ko bayan faɗuwar rana. Ni ina ganin wannan taurin kan nata gata ne, domin gara ta ƙi da ta cika maka kati da hotuna dishi-dishi.

Muka tsallake muka raɓe ƙarƙashin bishiya. Na fara da goge ɗigon ruwan da ya taru a fuskar gilashin da ƙyalle mai laushi, saboda kowane ɗigo yana watsa hasken da na'urar ke aunawa. Sannan na hana ta zaɓar wa kanta wurin dubawa, na tsayar da ita a kan ɗigon tsakiya cikin ɗigogin saita gani, wanda a kyamarori masu madubi shi ne ya fi kaifi. Can a bakin magangarar akwai baƙin dutse da ya leƙo daga cikin ruwa. Na ce ya ɗora ɗigon a gefen dutsen, ya danna maɓalli rabi har ya ji ƙarar tabbaci, kada ya saki yatsa, ya karkata zuwa inda yake so, sannan ya ƙarasa dannawa. Nan take ta ɗauka. Murnar da ya yi ta fi ƙarfin faɗa.

Da iska ta juyo da feshin, har dutsen ya ɓace. A nan sai hannu. Muka mayar da makunnin gefen gilashin daga AF (saita gani da kanta) zuwa MF (saitawa da hannu), muka jira feshin ya ɗan yaye, muka ƙara girman hoton a allo, yana murza zoben a hankali har tsagin dutsen ya fito sarai. Muka bar ƙofar haske a f/8 don na kusa da na nesa su fito tare. Na gargaɗe shi kada ya murɗa zoben da ƙarfi alhali makunnin yana kan AF, don a wasu gilasan hakan yana cutar da injin ciki.

Da safe wata sabuwa ta ɓullo: gilashin ko motsi ba ya yi. A cikin ɗaki, inda ba danshi, muka kashe ta, muka cire gilashin, muka goge 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinare da busasshen ƙyalle, tunda ta nan jikin kyamara yake aika wa gilashi wuta da umarni. Muka mayar har ya ce ƙas, ya dawo aiki.

Ranar muka gangara Boiling Pot, inda ruwan ke juyawa a ƙasan kwazazzabo. A hanya ya matsa daf da wani malam-buɗe-littafi, ta sake ƙi. Na nuna masa 0.25m da aka rubuta a jikin gilashin, wato ba ta iya kama abin da ya fi kwatan mita kusa, ya ja baya taku ɗaya, ta kama. Daga ƙasa muka ɗaga kai ga gadar ƙarfe ta 1905 da ta haɗa Zambiya da Zimbabuwe. Ƙarafanta sun gitta juna ta ko'ina, abin kamawa ya samu, ya yi ta ɗauka har batir ya ƙare.