Daga Garwa zuwa Gawi a mota mai ɗaki

Jiya bayan la'asar muka shigo Garwa, garinmu a arewacin Kamaru, daga tafiyar da ta kai mu har Gawi a ƙasar Cadi. Ƙurar hanya ba ta gama fita daga maƙogwarona ba, amma na ce bari in rubuta tun abin da ɗuminsa. Kwana tara muka yi, mu huɗu: ni, da Yayana wanda shi ne direba kuma makanike, da Baffanmu, da ɗana na fari da ya samu hutun ƙarshen shekara.

Motar ta Yaya ce. Bara ya saye ta hannun wasu Turawa, mata da miji, da injinta ya buga musu a Ngaundere, suka gaji suka sayar da araha suka hau jirgin ƙasa. Wata bakwai tana garejinsa a Yelwa kafin ta tashi. Su masu Faransanci kampin-kar suke ce mata, yaran unguwa kuwa suka sa mata mota mai ɗaki, sunan ya bi ta. Akwai gado a saman kujerar direba, da teburin da ake naɗewa ya koma gado, da murhun gas mai baki biyu, da ɗan firji, da tankin ruwa, da farantin sola a rufi. Har da makewayi. Baffa na leƙawa ya ce shi ba zai ci abinci ya yi lazimi a ɗaki ɗaya da makewayi ba, don haka aka wanke shi tas, aka mayar da shi wurin ajiye tabarmi da butoci da buhun shinkafa. Ina ganin gaskiyarsa ce.

Ba mu yi nisa ba muka ɗanɗani abin da motar za ta jawo mana. A wani shinge, wani mai kaki ya hango ta, ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya taho da fara'a. Da Yaya ya sauke gilashi ya ga mutum da zanna bukar da carbi a hannu, sai fuskar ta murtuke. "Ina masu motar?" Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ga mu." Ya karɓi takardu ya juya su gaba da baya, bai ga aibu ba. Ya ce a buɗe firji, a ɗaga katifa, a kwance buhun shinkafa. Daga ƙarshe ya ce ina takardar izinin kwana a cikin mota. Babu wata takarda mai wannan suna, shi ma ya sani. Baffa ya sauko a hankali, ya shimfiɗa tabarma gefen titi, ya ce wa yaro ya ɗora shayi. Awa biyu muna nan har wani babbansu ya iso, ya duba takardun a tsaye, ya miƙo mana ya ce mu yi haƙuri. Ko dala ba mu bayar ba. Abin da ya ci min rai ba jinkirin ba ne, waccan fara'ar ta farko ce, wadda aka tanada wa baƙo fari aka janye da aka ga ɗan ƙasa ne. Kuɗin hanya na gaskiya, sefa 500 a kowace ƙofa, da takardar shaidarsa, wannan da daɗin rai muke biya.

Bayan Figil, inda ƙurar masana'antar siminti ta mayar da ganyen itatuwa fari, muka tsaya a Bidzar. Na wuce nan a motar haya ya fi sau talatin ban taɓa sanin akwai abin gani ba. Wani yaro Bagidare ya kai mu. Falalen farin dutse ne shimfiɗe cikin gonaki, ka taka shi ba ka lura da komai ba. Yaron ya karɓi butar Baffa ya kwarara ruwa a kai, sai ga zane ya fito: da'ira a cikin da'ira, wata babba da ƙanana kewaye da ita kamar kaza da 'yan tsaki, wasu an haɗa su da layi. An sassaƙe su ne da bugu, ɗigo bayan ɗigo. Ka sa yatsa za ka ji ramukan. Su Gidar da ke zaune a wurin sun ce haka suka tarar da su. Ɗana ya durƙusa yana bin layin da yatsa, ruwan na bushewa zanen na ɓacewa, yana cewa a ƙara zubawa, har butar ta ƙare.

Wurin yana cikin jerin masu jiran shiga wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 2006, amma dutsen da zanen ke kai irinsa ake fasawa a yankin, a ƙona a yi farar ƙasa da siminti. Ranar ban ga mai gadi ba, awaki na gani. Na ba yaron jaka ɗaya, wato sefa dubu, ya ce ya yi yawa. Da a kasuwar Garwa ne, yaron da ya riƙe maka babur minti biyar ma sai ya raina.

A Marwa muka kwana biyu, ƙofar gidan wani abokin Yaya, ƙarƙashin darbejiya. Dole in faɗa, Marwa ta fi mu inuwa. Tituna ne da itatuwa dama da hagu har rassa sun haɗe a sama, mu kuwa a Garwa sai sara muke yi muna kafa rumfar kwano. Amma sun fi mu tsada idan suka ga ido. Ranar farko muka faka motar daf da kasuwar masu sana'ar hannu, kusa da ɗan gidan tarihin Diamare, kowa ya ga daga inda muka fito. Takalmin fata da na taya, mai shi ya ce jaka goma sha biyar, ya rantse. Washegari na hau babur na koma ni kaɗai, na gaishe shi da Fillanci, ya sallama min irinsa a jaka shida, har da gyaran laya ta fata. Ban ga laifinsa sosai ba, baƙi sun ɗauke ƙafa tun da rashin tsaro ya taɓa yankin, wanda ya samu ɗaya sai ya matse shi. Saboda wannan rashin tsaron ne ma muka haƙura da dutsen Mora, inda wani kyaftin ɗin Jamus, fon Raben, ya ƙi sallamawa tun 1914 har Fabrairun 1916.

Baffa kuwa ba takalmi ya kawo shi ba. Shi Miskin yake so a kai shi, bayan gari, wajen da Lamiɗo Zubairu ya kara da Jamusawa a Janairun 1902, bayan Ingilishi sun fitar da shi daga Yola. Ba abin da za ka gani sai gonaki. Ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa.

Daga nan muka nufi gabas. Ko'ina ka duba masakwa ce, dawar rani, kore shar a kan baƙar ƙasa da ta tsattsage, a tsakiyar rani, ba ɗigon ruwan sama. Wajen Bogo Baffa ya sa aka tsaya ya tambayi wani dattijo ina Balda take, aka nuna masa da baki. Sai ya juya ga ɗana: "Kai ɗan boko, ka san Hayatu ɗan Sa'idu?" Yaro ya ce a'a. Ya ce jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ya baro Sakkwato ya zo nan ya zauna, ya karɓi kiran Mahadin Sudan, daga baya ya haɗa kai da Rabeh, wanda ya ci Borno da yaƙi, har ya auri 'yarsa, kuma a hannun mutanen Rabeh ɗin ya rasa ransa. Yaron ya san sarakunan Faransa da shekarunsu, wannan bai taɓa ji ba. Na ji nauyin abin, don ni ma rabin labarin a ranar na fara ji.

Hanyar Maga zuwa Pus ta gefen madatsar tafkin, wadda aka gina a 1979 don noman shinkafa, ita ta karya mana ƙarfen da ke riƙe da tankin ruwa. Muka shiga Pus da magariba, ruwa na tsiyaya a bayanmu. Muna tsaye bakin masallaci muna shawara, sai wani Alhaji mai fataucin bandar kifi ya ji Hausa a bakinmu. Bai tambayi sunanmu ba. Ya ce, "Bayin Allah, daga ina? Ku biyo ni." Kakansa Bakatsine ne, ya taso aikin Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare a bakin kogin Logon, ya zauna. Irinsu suna da yawa daga nan har Sudan.

Yaya ya ce, "Alhaji, ai muna da wurin kwana, fili kawai muke so." Sai ransa ya ɓaci. Ya ce shi baƙonsa ba zai kwana a mota kamar kaya ba, mutanen gari su ce me? Ya fitar da samarinsa daga shagonsu, aka share, aka shimfiɗa sabbin tabarmi. Aka kawo tuwon jar dawa da miyar yakuwa, da giwan ruwa guda da aka gasa, tsawonta ya kai hannuna. Irinta a bakin gadar Binuwai sai ka ajiye jaka goma. Da asuba kafin mu idar da salla ya riga ya kira mai walda. Kwana uku muka yi, kullum muka ce za mu tafi sai ya ce gobe kasuwa, ko gobe zai kai mu wani wuri. Talata kasuwar Pus ke ci, kwale-kwale na ta tsallakowa daga ɓangaren Cadi da kifi da tabarmi da awaki.

Shi ya kai mu Murla ganin ɗakunan ƙabilar Musgum, waɗanda suke kira teleuk. Saboda su na yi wannan tafiya, kuma sun fi yadda nake zato. Ka ɗauki ƙwai ka yanke gindinsa ka kafa, to haka suke, wasu tsayinsu ya kusa mita 9. Babu ginshiƙi, babu azara, babu katako ko ɗaya, yumɓu ne zalla da hannu. Kaurin bangon a ƙasa yake, yana hawa yana sirancewa, a ƙoli a bar kafa don hayaƙi da iska, da damina a rufe ta. Jikin duk ƙusoshin laka ne a jere, na ɗauka ado ne. Wani tsohon magini ya tuɓe takalmi ya taka su ɗaya bayan ɗaya har ƙoli, ya zauna yana kallonmu. Su ne tsaninsa lokacin gini da lokacin yaɓe, su ne kuma ke rarraba ruwan sama kada ya ci bangon. Ƙofar kunkuntar ce a ƙasa, mai faɗi a sama, don saniya ta shige da ƙafafunta da cikinta.

Da tsakar rana muka shiga. Sanyi ya buge ni kamar na sa kai a randa. Haske ɗaya ne ke saukowa daga kafar sama, ya faɗi a ƙasa kamar faifai. Baffa ya yi gyaran murya, ɗakin ya amsa. A wannan lokacin motarmu na waje, ƙarfenta ba ya taɓuwa, ga fanka ga sola. Na tuna ɗakina na bulo da kwano, yadda a watan Afrilu muke kwashe katifu mu kwana a tsakar gida.

Maginin ya ce, ta bakin Alhaji, waɗannan da muke gani sake gina su aka yi don kada sana'ar ta mutu, kuma samari ba sa son koyo: aikin wata da watanni ne, kowace shekara sai an yaɓe, ga mai kwano ana ce masa ya ci gaba. Wannan magana ta tsaya min. A Garwa ma haka muka rushe zaurukan kakanninmu, ba wanda ya tilasta mana. Ɗana ya roƙa a bar shi ya gwada, aka kwaɓa masa laka, ya yi wuni yana ɗora ƙusa tana zamewa, tsohon na gyara masa hannu ba ya ko magana. Da za mu tafi na miƙa masa jaka biyar, ya karɓi biyu ya mayar da uku.

Alhaji kuwa da Yaya ya zaro kuɗin mai walda, sai ya kawar da kai ya ce, "Haba ɗan'uwa, kada ka ɓata." Ya sa aka cusa mana kwalin banda a ƙarƙashin gado. Har Njamena motar ƙamshin kifi take.

Sauran tafiyar da sauri muka yi ta. Muka gangara Yaguwa, muka haye sabuwar gadar Bongor da aka buɗe a 2025, muka kwana a hanya. Njamena tsada, ruwan sha ma sai ka yi lissafi, kuma ba a son ganin waya a sama kusa da manyan gine-gine. Muka shiga gidan tarihi na ƙasa muka ga sashen Tumai, ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda masana ke ba shekara miliyan 7. A Gawi, ƙauyen Kotoko da ke bayan gari, akwai tsohon gidan sarki na ƙasa mai bene da aka mayar gidan tarihi, da manyan tulunan da mutanen Sao na zamanin dā ke binne mamatansu a ciki; mata na ta ginin tukwane a ƙofar gidaje, na sayi biyu, ɗaya ta fashe a Gelendeng. Kusiri da tasi muka leƙa ta gadar Ngeli, don Baffa ya taka garin da aka kashe Rabeh da kwamandan Faransa Lami a rana ɗaya, 22 ga Afrilun 1900. Ya taka, muka juyo.

Yau da sassafe Alhaji ya kira ya ji ko mun sauka lafiya. Ya ce tsohon maginin zai ɗora sabon ɗaki bayan an gama yankan masakwa, kuma ya tambayi ɗan nawa, ya ce idan an yi hutun Maris a turo shi. Na ce masa in Allah ya yarda, bari in fara shawo kan uwarsa.