Yadda na tantance fili da taswirar kwamfuta

An ba ni aikin tantance wani yanki mai faɗi: ina ya dace da noma, ina za a bar wa kiwo, ina za a iya yin gini, ina kuma bai kamata a taɓa ba. Tafiyar ƙafa kaɗai ba za ta gama wannan aiki ba, shi ya sa na fara daga kwamfuta, da manhajar taswira ta QGIS wadda ake samu kyauta.

Abin da na fara ɗorawa shi ne bayanan tudu da kwari na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya auna da na'urar rada a Fabrairun 2000. Kowane ɗigo a taswirar yana wakiltar kusan mita 30 a ƙasa. Daga nan manhajar ta fitar mini da gangara da hanyoyin da ruwan sama ke bi. Sai dai rada kan auna saman bishiyoyi da rufin gine-gine, don haka kurmi mai duhu kan fito kamar tudu.

Inda na daɗe shi ne wajen hotunan tauraron ɗan'adam. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, yana ba da hoto mai ɗigon mita 10, kuma tagwayen taurarin suna dawowa kan wuri ɗaya duk kwana 5. Da hotunansa na lissafa NDVI, ma'aunin da ke kwatanta jan hasken da ganye ke shanyewa da wani haske da ido ba ya gani wanda ganye mai lafiya ke mayarwa. Lambar tana tsakanin -1 da +1, kuma gwargwadon hawanta gwargwadon yawan tsiro. Hoton damina bai faɗa mini wani abin kirki ba, domin gona mai albarka da fako mai 'yar ciyawa duk kore suke fitowa. Hoton ƙarshen rani ne ya tona asiri: duk inda kore ya saura a lokacin, akwai danshi a ƙasa ko bishiyoyi masu dogon saiwa. Daga nan na koma kan Landsat, shirin taurarin ɗan'adam na Amurka wanda ke ɗaukar hoto tun 1972, aka kuma buɗe rumbunsa ga kowa a 2008. Da na jera hotunan wata guda na shekaru daban-daban, sai ga wani babban kwazazzabo yana ta cin ƙasa yana dosar gonaki. A hoto ɗaya ba za ka taɓa sanin yana tafiya ba.

Bayan haka na haɗa gangara, danshi, irin ƙasa da nisan ruwa da hanya, na raba filin bisa tsarin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 1976: mai dacewa sosai, mai matsakaicin dacewa, mai ɗan dacewa, da wanda bai dace ba. A nan ne aikin ya fi ba ni tsoro. Ni ne ke faɗa wa kwamfuta wane ma'auni ya fi nauyi. Da na ƙara wa gangara nauyi kaɗan, wani yanki guda ya tashi daga mai kyau ya koma marar amfani. Amma duk wanda ya ga taswirar da launukanta sai ya ɗauka hukuncin na'ura ne, ba ya ko tambaya.

Da na fita fili da GPS ɗin waya, wanda kan kauce da 'yan mitoci ko a sarari, na nufi wuraren da nake shakka. Wani fili da taswira ta ba wa maki mafi girma, mazauna wurin suka ce ruwa na kwanciya a kansa makonni in damina ta yi ƙarfi, lokacin da gajimare ke rufe hoton tauraro. Wani kuma burtali ne da dabbobi ke bi zuwa mashaya, ba ya cikin kowane bayani da na sauke.

A rahoton da na miƙa, na sa taswira uku masu nauyin ma'auni daban-daban, na rubuta dalilin kowanne. Inda ukun suka yi daidai na ba da shawara kai tsaye. Inda suka saɓa na ja layi a kai, na nemi a haƙa ramin gwajin ƙasa, a kuma zauna da masu amfani da filin kafin a yanke komai.