Yadda nake jera tukwanen Babbar Sallah a gidanmu na Bukoki

Tun da uwar mijina ta manyanta ta sakar mini madafa, ni ke tsara cimakar Babbar Sallah a gidanmu da ke Bukoki, nan Yamai. Gidan yawa ne: mu da yaranmu, ƙannen maigida da iyalansu, ƴan makaranta daga Tawa da ke zaune wurinmu, sai baƙi waɗanda ba a rasawa. Tsarina shi ne kowace rana da abincinta, ba na haɗa komai a wuni ɗaya. Kuma naman da kansa ke nuna abin da za a fara da shi. A jikin rago akwai abin da ba ya jure rabin wuni a zafin Yamai, akwai mai kwana, akwai mai kai wata. Wanda ya fi saurin lalacewa shi ke fara hawa murhu.

Wata ƙawata da ta zo mana Sallah daga Kano ta yi ta leƙen madafa da la'asar tana neman inda ake suya. Na ce mata ta fita ƙofar gida ta duba. A nan ragunan suke, a tsaye, an baje su a kan sanduna sun kewaye wuta. Mu a nan tsokar rago ba a taɓa ta ran Sallah, sai washegari.

Sayen rago aikin maza ne, su ke zuwa kasuwar dabbobi ta Turaku su sha ciniki. Abin da kawai nake roƙon maigida shi ne kada tsawo da ƙaho su ruɗe shi. Balami fari dogo yana da kyan ɗaurewa a ƙofar gida, uda ma haka, amma ni mai girki gadon baya da gindin wutsiya nake so a taɓa, don a nan ake gane ko akwai kitse. Rago marar kitse bushewa yake yi a bakin wuta. A 2025 gwamnati ta hana fitar da dabbobi zuwa ƙasashen waje gabanin Sallah domin farashi ya sauko, duk da haka maza sun dawo suna ƙorafi, kamar dai kowace shekara.

Nawa aikin yaji ne, kuma iri biyu nake dakawa tun Sallah na sauran mako. Na farko na shafa wa rago: gishiri, citta, masoro, kanumfari kaɗan, kimba, tafarnuwa, da garin tattasai na Difa don ya ba da launi. Wannan ba na sa masa ƙuli-ƙuli ko kaɗan, domin ƙuli in ya daɗe a bakin wuta ƙonewa yake yi, ya bar ɗaci da baƙi a jikin nama. Na biyu shi ne na ci, mai ƙuli da barkono da dunƙulen maji, wanda ake barbaɗawa bayan an yanka. Albasa kuwa ta Galmi nake saye, ja mai tauri. Ba don ni ƴar jihar Tawa ba ce, ko da yake har da wannan. Tana da ƙarfi, kaɗan ke isar tukunya, kuma ba ta saurin ruɓewa a ɗaki.

Itace shi ne rigimar maza ta biyu. Da Sallah ta matso kuɗinsa ke tashi, shi ya sa gidajen layinmu ke haɗa kuɗi a saya tun da wuri, a hura wuta ɗaya. Busasshe mai nauyi ake nema, in an dace da ƙirya to madalla, garwashinta na daɗewa. Ɗanyen itace hayaƙi ne kawai. Guntayen katako masu fenti kuwa ba na yarda a jefa su, warinsu na kama nama.

Daren jajibiri nake yin miyar zabi, in kwaɓa ƙullun masa. Da an sauko daga Idi gida zai cika da masu barka da Sallah, alhali rago ko yanka shi ba a yi ba, tunda sai liman ya yanka nasa tukuna. Masa da miyar zabi su ke riƙe mini gida har azahar. Maigida shi ba ya cin komai, yana jiran hanta, domin an so a Babbar Sallah mutum ya jinkirta ci har ya fara da abin layyarsa. Don haka da an farka cikin rago, hanta nake fara karɓa. A cire matsarmama a hankali, in ta fashe ta ɓata duk inda ta taɓa. In gasa hantar a kan gawayi sama-sama da ɗan gishiri, in yanka ƙanana, a fara kai wa Inna, uwar mijina, sannan maigida, sannan kowa ya samu ɗan yanki.

Daga nan sai kayan ciki, wanda shi ne ainihin abincin ranar, kuma shi ya fi cin rai. Muna zama mu huɗu ko biyar a bakin famfo da manyan robobi. Tumbi a zazzage shi nesa da madafa, a ɗauraye, a tsoma a ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, sai baƙin nan na ciki ya saki, a kankare shi da cokali har ya yi fari. In ruwan ya tafasa sosai baƙin kamewa yake yi, sai ki wuni kina kankara. Hanji kuwa da buta ake bi da shi, a zuba ruwa ta baki ɗaya a matso shi da yatsu biyu har ya fita ta ɗayan, a maimaita har ruwan ya fito garau. Sai a yanka tumbi dogo-dogo, a sa ɗan kitse a tsakiya, a naɗe da hanji a ɗaure. Yara mata a nan suke koyon aiki, kuma a nan ake gane mai ƙyanƙyami.

Ina zuba su a babbar tukunya tare da huhu da zuciya da ƙoda, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, gishiri, da ruwa ɗan kaɗan. Ba na zuba mai. In ruwan ya tsotse, kitsen da ke jikinsu zai narke, su soyu a cikin nasu man. Da magariba a aiki yaro ya sayo burodi mai zafi, a zauna a kan tabarma. Ni dai a duk kwanakin Sallah babu cin da ya kai mini wannan.

A waje kuwa maza na fama. Mahauci ya feɗe, an biya shi ladansa da kuɗi, domin ba a biyan mahauci da nama ko fatar layya, ba a kuma sayar da komai a jikinta. An tsaga ragon ta ƙirji an baje shi, an soke shi da sanduna biyu a gicciye, an kafa a ƙasa an ɗan jingina shi wajen wuta. Ba a kan wuta ake ɗora shi ba, a gefe yake tsayawa, kamar taku guda daga garwashi, zafi ne ke dafa shi a hankali. Kafin a kafa nake fita da wuƙata in tsattsaga cinyoyi da kafaɗu har kusa da ƙashi, in cusa yajin shafawa. Wurin nan mai kauri shi ke yaudarar mutane: waje ya yi ja yana ƙyalli, cikin cinya kuwa da sauran jini, kafin gari ya waye ya fara wari. Ɓangaren haƙarƙari ake fara juya wa wuta, daga baya a juyo bayan. A ƙarƙashin kowane rago ina ajiye kwano ya tari man da ke ɗiga. Da shi ake shafa naman in ya fara bushewa, sauran kuma in adana.

Samari ba su da haƙurin wannan aiki. Sun fi son su tula itace wuta ta tashi sama, a gama da wuri su tafi yawon Sallah. Inna tana daga cikin zaure a kan kujerarta, hancinta kawai ke gaya mata. Sai ta kira ni da Adarancinta:

“Ɗiyata, ce ma yaran ga su ja shi baya. Wanga ba gashi na ba, ƙuna ta.”

“To, Inna.”

In fita in isar da saƙo, a ja sanduna baya ana gunaguni. Daga azahar har bayan isha'i ake kaiwa, ana shan shayi, layi duk hayaƙi, ko'ina ka duba a Yamai wuta ce da raguna a jere. Da yake Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a ƴan shekarun nan cikin Yuni ta riƙa faɗowa, farkon damina. Saboda haka muna tanadar fallayen kwanon rufi a kusa, in hadari ya taso da ƙura a kare wuta da nama. Yanzu kuma ta nufi watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin da ke nufin aikin kayan ciki sai an ƙara masa sauri.

In an sauke, a shigar da ragon ɗaki mai iska a jingine shi tsaye da sandunansa. Kada a rufe shi da leda, kada a ɗora wani a kan wani. Nama mai zafi in aka rufe shi gumi yake yi, gumin nan kuwa shi ke sa shi tsami. Tsohon gidan sauro wankakke nake yafa masa saboda ƙuda. Kai da ƙafafu kuma a babbake su a sauran garwashin, a kankare, a wanke, su kwana a kan wuta marar ƙarfi. Romonsu shi ne karin kumallon washegari.

Rana ta biyu ta rabo ce. Mutane da yawa na cewa kashi uku ake yi, na ci da na kyauta da na sadaka. Malamanmu na Malikiyya dai ba su ƙayyade yawan kowanne ba, an so ne a haɗa ukun. Ni tun dare nake rubuta sunaye a takarda, domin da safe kai ba ya tare. Akwai abin da ke ba ni haushi a rabon Yamai: cinya ta fita daga gidan da aka yanka biyu ta shiga gidan da aka yanka uku, can ma a maido da kafaɗa. Nama na ta zagaye tsakanin masu shi. Zumunci ne, ban hana ba, surukai da iyaye dole a kai musu. Amma kwanukan farko da ke fita daga hannuna na gidajen da ba su yanka ba ne, da mai gadin layi, da almajirai, da maƙwabtanmu Kirista ƴan Benin da Togo. Kuma da sassafe, tun uwar gida ba ta fara tunanin abin da za ta ɗora ba. Yara ke kaiwa, suna murna don sun san ba za su dawo hannu wofi ba. Abincin rana ba na wahalar da kaina: farar shinkafa, gasasshen nama, yajin ƙuli, da ɗanyar albasa.

Abin da ya rage a rana ta uku ake soye shi. A yanka madaidaita, a zuba a man da aka tara, a ƙara man gyaɗa in bai isa ba, wuta kaɗan-kaɗan. Alamar ya yi ita ce kumfa ta kwanta, ƙarar tukunya ta ragu, wato ruwan jikinsa ya ƙare. In ya huce a zuba a tukunya mai murfi, man ya rufe shi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Firigo ban dogara da shi ba. Waɗanda suka cika nasu da naman layya a 2023 sun ga abin da ya faru a farkon Agusta, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Soyayyen nama bai san an yi ba.

Ranar kuma ba na sa nama a abinci. Ciki ya gaji, yara sun fara zarya bayan gida. Dambu nake yi da zogale mai yawa, a zuba masa cokali biyu na man ragon nan, da rana kuma a dama fura da nono mai tsami. Maza kan yi tsaki su ce ana Sallah ana ba su ganye, amma ban taɓa ganin an maido kwano da saura ba.

Abu na ƙarshe da nake cirewa tun ranar rabo shi ne wutsiya da ɗan yankin haƙarƙari. In ƙara musu gishiri, in rataye a saman murhu su sha hayaƙi har su bushe ƙarau. Na cika-ciki ne, 10 ga Muharram, wata guda bayan layya. Ranar ake jiƙa su a dafa a miyar busasshiyar kuɓewa da daudawa, a tuƙa tuwon gero mai yawa, kowa ya ci har ya ture. Wahalar ita ce su kai ranar, domin samarin gidan nan ba abin da ke ɓoye musu a madafa. Da sun bushe nake ƙulle su a ƙyalle in kai ɗakin Inna, can ne kaɗai ba mai ƙarfin halin shiga bincike.