Kada Ka Sauya Abu Huɗu a Dare Ɗaya: Shawara ga Masu Shiga Tseren Mota

Ƙannena da ke sha'awar tseren mota a filin da aka keɓe domin haka, musamman waɗanda karatu ko aiki ya kawo ku Ingila kuka fara leƙa filayen tsere a ƙarshen mako, ina so in ba ku labarin kurakuran da suka cinye mini kuɗi da lokaci a shekaruna biyu na farko, domin kada ku biya kuɗin darasin da na riga na biya. Tseren da nake magana a kai shi ne na ƙananan ƙungiyoyi, wanda ma'aikaci ko ɗan kasuwa ke shiga da kuɗin aljihunsa, ya ɗora motarsa a tirela ya ja ta zuwa fili, ya kuma zama shi ne direba shi ne bakanike. Kafin a bar mutum ya shiga, sai ya ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi ya karɓi lasisi daga hukumar Motorsport UK, sannan ya manna alamar baƙin gicciye a kan rawaya a bayan motarsa har sai ya kammala tsere 6, domin na bayansa su san sabon shiga ne su yi hattara da shi.

Motata Mazda MX-5 ce ta samfurin farko, wanda aka fara sayarwa a 1989, mai injin lita 1.6 da ke tura tayoyin baya. A ajinmu motocin duk iri ɗaya ne, kuma doka ta taƙaita abin da za a yi wa inji, saboda haka duk tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya tana fitowa ne daga hannun direba da kuma yadda aka saita ƙafafun mota. Wannan magana ta biyu ita ce ta ruɗe ni, domin na ɗauka cewa tun da injinmu ɗaya, lallai akwai wani sirrin saiti da na gaba suka sani ni ban sani ba, kuma ranar da na gano shi zan kamo su.

Babban kuskurena ya faru ne a Brands Hatch, a gundumar Kent, a kan gajeruwar da'irar da ake kira Indy, mai tsawon kusan mil 1.2, wadda mota irin tawa ke zagayawa cikin kusan minti ɗaya. Ranar Juma'a na yi gwaji, motar tana ƙin shiga kwanar Druids: na karya sitiyari amma kanta yana miƙewa waje, tayoyin gaba suna kuka. Da yamma, bayan an rufe fili, na ɗaga ta a jak a cikin tanti da 'yar fitila a goshi, na yi mata abubuwa huɗu a zama ɗaya. Na sassauta sandar ƙarfen gaba wadda ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don hana mota jirkicewa a kwana, na ƙara wa ta baya tauri, na ƙara karkata saman tayoyin gaba zuwa ciki, abin da ake kira kamba, sannan na rage iskar gaba. Kowane ɗaya daga cikin huɗun magani ne na gaskiya ga motar da ke ƙin juyawa, domin ɓangaren motar, gaba ko baya, da aka ƙara wa tauri shi ke rasa riƙo, wanda aka sassauta kuma ya samu. Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne cewa dukkansu hanya ɗaya suke turawa, kuma na haɗa su ba tare da sanin ƙarfin ko da guda ɗaya ba.

Da safiyar Asabar aka fita zagayen neman gurbin tashi a layin tsere, wanda bai wuce minti 15 ba. Duk wanda ya san Brands Hatch ya san Paddock Hill, kwanar farko da ke karkata dama alhali ƙasa tana zamewa daga ƙarƙashinka, ba ka ganin ƙarshenta sai ka riga ka shiga. A zagaye na biyu, tayoyi ba su gama ɗaukar zafi ba, na ɗaga ƙafa kaɗan daga totur a tsakiyar gangaren, nauyin motar ya koma gaba, bayanta da na taurara ya saki ƙasa ya zagayo. Na tsinci kaina a cikin tsakuwar gefen hanya ina kallon inda na fito, ƙura ta cika motar, ma'aikatan fili suna kaɗa tuta mai ruwan rawaya. Allah Ya kiyaye babu wanda ya same ni, amma dokar tsere tana buƙatar direba ya kammala zagaye 3 a wannan fita, ni kuwa ban cika ba, sai da na je na nemi izinin shugaban tsere ya bar ni in tashi daga can ƙarshen layi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin da na zauna zan gyara ɓarnar, domin ban rubuta yadda motar take kafin in taɓa ta ba. Na tuna ramin da sandar gaba take a da, amma ma'aunin kamba ya ɓace mini gaba ɗaya, don haka ban iya mayar da ita yadda take ranar Juma'a ba, ban kuma san wanne daga cikin huɗun ya jefa ni a tsakuwa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren tsere shi ne ranar tafiyar.

Wani dattijo da tantinsa ke kusa da nawa, wanda ya haura shekara 60 kuma ya daɗe a harkar, shi ya zo ya tsaya yana kallona ina kwance a ƙarƙashin motar. Bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni ina littafina, na ce wane littafi, sai ya koma ya ɗauko nasa, wani tsohon littafi mai tabon baƙin mai a kowane shafi. A ciki kowace fita tana da layinta: sunan fili, yanayin sama, zafin kwalta, iskar kowace taya kafin fita da kuma nan take bayan dawowa, abu ɗaya da ya sauya, lokacin da ya yi, da jimla ɗaya a kan yadda motar ta ji a hannunsa. Ya ce idan ya sauya abu ya ga bai yi ba, yakan mayar da shi inda yake kafin ya gwada wani. Tun daga ranar ban sake fita ba tare da littafi ba, kuma shawarata ta farko gare ku ita ce ku sayi naku kafin ku sayi wani sabon ƙarfe.

Batun iskar taya ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne saiti mafi araha kuma shi na fi yi wa sakaci. Na kasance ina zagayawa ina tambayar masu sauri nawa suka sa, in koma in sa daidai da nasu. Ban fahimci cewa adadin da ke da muhimmanci shi ne wanda taya ke da shi sa'ad da ta yi zafi a tsakiyar tsere ba. Iska tana kumbura da zafi, kusan psi 1, wato ma'aunin matsin iskar taya, a duk ƙarin digiri 5 ko 6 a ma'aunin Salshiyas, don haka taya na iya ƙara psi 5 ko fiye tsakanin fita da dawowa. Direban da ya fi ni sauri yana dafa tayarsa fiye da ni, saboda haka yana farawa da iska kaɗan ya kai inda yake so. Ni da na kwaikwayi adadinsa sai in ƙare da taya mai laushi wadda ba ta taɓa kaiwa ba. Haka kuma tayoyin huɗu ba aiki ɗaya suke yi ba. A Indy ana zagayawa ne ta hannun dama, yawancin kwanonin na dama ne, don haka tayoyin hagu, musamman ta gaba, su ke ɗaukar nauyi su fi zafi, kuma ya kamata su fara da iska ƙasa da na dama idan ana so duka su haɗu a adadi ɗaya. Ku riƙe geji guda ɗaya ku dinga amfani da shi kaɗai, domin geji biyu ba safai suke faɗin magana ɗaya ba, ku kuma roƙi wani ya jira ku a bakin hanyar shigowa ya auna da zarar kun tsaya. Idan kun samu na'urar auna zafin roba, ku auna gefen ciki da tsakiya da gefen waje na kowace taya: tsakiya ya fi zafi alamar iska ta yi yawa, gefen waje ya fi zafi alamar kamba ba ta isa ba.

Na birki gajere ne amma ya fi kowanne haɗari. A Snetterton da ke Norfolk, wanda tsohon filin jiragen yaƙi ne mai dogayen miƙaƙƙun hanyoyi, na taka birki zan shiga kwanar Agostini a ƙarshen tsere sai ƙafata ta nutse kusan ƙasa. Man birkin ya kwana biyu a motar ban sauya ba, ina ta kashe kuɗi a kan sifirin da shokazoba. Wannan mai yana shan danshi daga iska, kuma nau'in DOT 4 da mafi ƙarancin zafin tafasarsa yake digiri 230 yana sabo, ƙa'idarsa bayan ya sha ruwa digiri 155 ce kawai. Idan ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuma tana matsuwa, birki ya zama soso. Na tsira ne da bugun birkin sau biyu da kuma faɗin wurin. Yanzu sabon mai nake zubawa a farkon kowace kakar tsere, ina kuma fitar da iska daga birkin kafin kowane tsere.

Darasin da ya fi yi mini nauyin karɓa ya zo ne a wata ranar gwaji a shekara ta biyu. Na ci gaba da ƙorafin cewa motar tana ƙin juyawa, sai na biya wani mai koyar da tuƙin tsere ya shiga ya gwada ta. Cikin zagaye 4, da tayoyin nan da saitin nan, ya fi lokacina mafi kyau da fiye da daƙiƙa ɗaya, ya fito ya ce motar lafiyarta ƙalau. Da muka duba hoton bidiyonmu gefe da gefe, sai ga laifin a fili: ina shiga kwana da gudu fiye da kima, ina sakin birki gaba ɗaya kafin in karya sitiyari, gaban motar ya ɗago ya rasa nauyin da zai danne tayoyi, sannan in ƙara karya sitiyarin alhali tayar ta riga ta gaza. Shi kuwa yana sakin birkin a hankali yana shiga da shi, gaban yana nan a danne har motar ta juya, sannan ya taka totur da wuri. Ashe matsalar da na yi ta bi da sifana tun daga Druids tana ƙafata ta dama. A ganina sabon direba bai kamata ya yarda da hukuncinsa a kan saiti ba sai ya iya yin zagaye 5 a jere da tazarar da ba ta wuce kashi 2 ko 3 cikin 10 na daƙiƙa ba, domin idan lokutanka suna hawa da sauka da daƙiƙa guda, babu yadda za ka gane ko sauyin da ka yi ne ya taimaka ko sa'a ce. Kuɗin da na kashe a kan ƙarafa a shekarar farko da na kashe shi a ranakun gwaji da malami, da na fi haka nisa.

Ruwan sama shi ne kaɗai yanayin da na yarda a taɓa mota sosai a ranar tsere, kuma ko shi ma da shiri tun daga gida. A Cadwell Park da ke Lincolnshire, fili mai ƙunci da hawa da gangara wanda shingensa ke kusa da kwalta, ruwa ya taɓa sauka saura minti 20 a kira mu, na tsaya ina waswasi har lokaci ya ƙure na fita da saitin rani. Abin da ake bukata shi ne a sassauta motar, musamman bayanta, domin nauyi ya dinga sauya wuri a hankali, a kuma guji layin da aka saba bi, saboda robar da ta manne a kansa tana zama santsi idan ta jiƙe. Yanzu a shafin ƙarshe na littafina akwai saitin ruwa a rubuce, wanda na gwada a ranar gwaji mai ruwa, da jerin abin da zan fara taɓawa idan minti 10 kaɗai ya rage.

Ku kuma lura da jikinku, domin na sha jan tirela cikin dare in isa fili da asuba, in shiga mota da barci a ido da ƙishirwa, sannan in ɗora wa shokazoba laifin lokacin da na yi. Yadda nake yi yanzu shi ne in gama duk aikin mota a gareji kafin ranar Laraba, a duba alaimen a kan shimfiɗaɗɗen wuri da nauyina a kujerar direba da man da zan fara tsere da shi a tanki, in rubuta kowane adadi, in isa fili tun da rana. Idan na dawo daga fita ina jin akwai abin da ya kamata a sauya, nakan fara rubuta kwanar da abin ke faruwa, da ko wajen shiga ne ko tsakiya ko wajen fita, da abin da ƙafata da hannuna ke yi a daidai lokacin. Sau da yawa kafin in gama rubutun amsar ta fito, sifana kuma tana nan a akwatinta. Idan har ya zama dole, abu ɗaya nake taɓawa, mataki ɗaya, in rubuta tsohon adadin a gefen sabon, sannan in ɗaure kusoshin taya da ma'auni in sake zagaya su a karo na biyu kafin in sa hular kwano.