Kwana biyar a Svalbard, inda rana ta ƙi faɗuwa

A ƙarshen watan Afrilu na sauka a Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, bayan tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a jirgi daga Tromsø. A wannan lokaci rana ba ta faɗuwa har zuwa ƙarshen Agusta, saboda haka da agogon Makka na riƙa yin sallolina, domin babu magariba balle asuba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fita da keken ƙanƙara wanda karnuka shida ke ja. Kafin a tashi sun cika wurin da haushi, amma da aka sake su sai suka yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsu da ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashinmu. Jagoranmu yana rataye da bindiga, domin ba a fita bayan gari ba tare da kariya daga farin beyar ba, wata babbar dabba mai kai wa mutane hari. Na cire safar hannu don ɗaukar hoto, cikin minti ɗaya yatsuna suka sandare, har na kasa riƙe wayar.

Na kuma hau tudu na ga ƙofar rumbun ajiyar irin shuka na duniya, wanda aka gina a cikin dutse aka kuma buɗe a 2008. Ba a barin baƙi su shiga, amma na daɗe a tsaye, ganin cewa har da waken da aka aiko daga Ibadan a cikin dutsen.